Takardar Jif Ɗin Saje Isa

Ku da kuke zaune a ofis yanzu, fanka na kaɗa muku takardu, na ji kuna cewa inshorar mota ba ta da wuya: a kawo lamba, a rubuta, a buga hatimi. To, ku gyara zama. Zan faɗa muku yadda muka yi ta a Illela zamanin Turawa, kuma daki-daki zan bi ta, don ni ban iya fara magana daga tsakiya ba.

Aji huɗu na yi a elementare. Da shi aka ɗauke ni a wani kamfanin sayen fata da gyaɗa a Sakkwato, wanda kuma yake wakiltar masu inshora na Ikko. Wanda ya koya mini aiki wani dattijo ne mutumin kudu, ya daɗe a ƙasarmu har Hausarsa ta fi ta wasunmu, kowa Baba Akawu yake ce masa. Ranar farko bai ba ni alƙalami ba. Tabarma ya miƙo mini, ya nuna wata mota a tsakar gidan kamfani, ya ce, "Shiga ƙarƙashinta. Kada ka fito sai ka iya faɗa mini abin da mai ita bai faɗa ba." Na kwanta tun hantsi har azahar, baƙin mai yana ɗiga mini a goshi. Na fito na ce ban ga kome ba. Ya ce, "Gobe ma rana ce." Wata uku na yi a haka kafin na iya bambanta walda ta masana'anta da ta maƙerin gari, kafin na san ƙarar ƙarfe mai lafiya da ta wanda ya tsage aka shafe shi da fenti.

Kayan aikina ba su da yawa. Akwai tabarmar nan, da tef mai ƙafa hamsin a cikin gidansa na fata, da tocila, da ƙaramar guduma, da guntun madubi da na ɗaure a bakin kara don leƙa inda kai ba ya shiga. Sai fensir mai shuɗi wanda sai an lasa yake kamawa, shi ya sa a wancan lokaci ake gane malamin inshora da harshensa. Na ƙarshe littafi mai baƙar takarda a tsakani, yana fitar da kwafi uku: fara ta tafi Ikko, ja ta zauna Sakkwato, shuɗiya ta mai mota.

Bayan yaƙin duniya na biyu an yi ta gwanjon jif-jif na soja, masu ja da ƙafa huɗu. Fatake suka saya, kuma da yawansu Illela suka nufo da su, don nan ne hanyar mota ta ƙare. Daga bakin kasuwa sai rairayi, sai turbar raƙuma da ta jakai, tana rarrabuwa zuwa Garu, zuwa Amarawa, zuwa Kalmalo, wata kuma ta miƙe arewa ƙasar Faransa. Shi ya sa aka turo ni gida, tunda ɗan gari ne. Har yau in na rufe ido nakan ga jif tana tahowa da tsakar rana daga nesa, kawalwalniya ta ɗaga ta sama, tayoyinta ba su taɓa ƙasa, fasinjojin da ke bisa kaya kamar masu zama cikin kwalekwale. Sai ta daɗe tana yawo a iska kafin ka fara jin kukan injinta.

Babu jif ɗin da ta yi wata guda a Illela yadda ta zo. Wannan ya ƙara mata sifirin don ta ɗauki buhun kanwa. Wancan ya sa mata tanki na biyu, don babu mai sayar da fetur a jeji. Wani ya ɗaga ta, ya sa manyan tayoyi, ya kafa kejin ƙarfe a sama, ya ɗaura gangar ruwa a baya. A wurinsu wannan kula da dukiya ne, kamar yi wa raƙumi sabon sirdi. A wurin mutanen Ikko kuwa, sun ɗauki nauyin wata dabba ce ka mayar da ita wata. In motar da ta faɗi ba ita ce ta cikin takarda ba, ba su san ta ba.

Na tuna wata da aka kawo mini daga Garu. Sama lafiya lau, an yi mata fenti kore, har da tuntaye a madubi. Da na shiga ƙasa na haska, sai na ga tankin da aka ƙara garwar kananzir ce aka liƙe, an ɗaure ta da waya, tazarar yatsa biyu daga bututun hayaƙi. Na fito na naɗe tabarmata. Mai motar ya ce, "Malam, ina takarda?" Na ce, "Alhaji, abin da za a rubuta wa wagga mota wasiyya ce, kuma ba aikina ba ne." Ya yi wata biyu ba ya amsa sallamata. Ku riƙe wannan: wanda bai iya cewa a'a ga babban mutum ba, ya nemi wata sana'a.

Doka ta tilasta ƙaramar inshora, wadda ke biyan wanda ka buge a hanya. Babbar kuwa, wadda ke gyara maka motarka, sai ka ga dama. Dattawa ba su so ta. Wani ya taɓa ce mini, "Kai ɗana, kowa na saida abin da ido ka gani. Kai mi kaka saidawa, tsoro?" Na ce masa, ai mai raƙumi ma yakan yi masa dabaibayi sannan ya yi tawakkali. Ya ce, "Dabaibayi ina ganin shi. Wannan hwa takarda ta." Bai saya ba.

Ga masu shiga jeji akwai ƙarin takarda, mu muna ce mata takardar jeji. Sharuɗɗanta uku ne, kuma nakan karanta su da ƙarfi, in sa mutum ya maimaita. Na ɗaya, duk abin da aka ƙara wa mota sai na gani na rubuta. Na biyu, tana aiki a kowace turba, amma a ƙasar Ingila kaɗai, wato ɓangarenmu na iyaka. In ka ƙetare iyaka da taku ɗaya, kai da Allahnka. Na uku, in mota ta faɗi, a bar ta inda ta faɗi har in zo.

Saje Isa shi ne wanda ya fi kowa kiyaye su. Tsohon direban soja ne, ya dawo daga yaƙi da ɗingishi kaɗan da baki mai yawa. Raƙuma biyar ya gada, ya sayar da su duka ya sayi jif. Ba shi da gona, ba shi da rumfa a kasuwa, motar nan ita ce tukunyar gidansa. Kifi yake ɗaukowa daga Kalmalo, ya kai marasa lafiya bakin hanya, ranar kasuwa ya kwaso mata da ƙoransu. Ko ƙusa ya ƙara sai ya zo ya tsaya a ƙofata ya ƙame, ya ce, "Malam Ƙarami, hito da tabarma, amarya ta yi sabon kitso!" Sifirin biyu-biyu a baya, tanki na biyu na ƙwarai, kejin sama, benci biyu na katako: duk suna cikin takardarsa, da awonsu.

Sai muguwar shekara ta zo, shekarar da ruwa ya yi yawa. Gero ya ruɓe a tsaye, turbobi suka zama fadama, motoci suka yi ta kifewa daga nan har Sakkwato. Ikko ta aiko cewa duk wanda bai cika sharaɗi ba ko da na gashin baki ne, kada a biya. Ina Sakkwato wajen kai rahoto aka zo mini da labarin jif ɗin Saje ta kife wajen Kalmalo, shi kuma ƙafarsa ta karye. Gada ta yanke, sai da na kwana uku kafin na iso.

Da na iso ban tafi jeji ba, don ba sai na je ba. Motar tana ƙofar gidansa. An kare ta da zana, an wanke ta fes, ko ɗigon laka babu. Gabanta ya lotse, sandar tayar gaba ta karye, gilashi babu, amma tana ƙyalli kamar za a kai ta biki.

Saje yana kwance a zaure, maɗori ya ɗaure masa ƙafa da karare. Na ce, "Saje, sharaɗi na uku."

Ya ce, "Na sani, Malam Ƙarami. Suma na yi. Ban halka ba sai nan. Mutanen Kalmalo sunka yi gayya, shanu takwas, sunka jawo ta. Wai dukiyar Musulmi ba ta kwana jeji. Mi zan ce musu, Allah ya isa?"

Na rubuta abin da na gani, na aika. Amsar Baturen kamfani ta dawo a layi uku. Ya ce kowa ya san motocin Illela suna ƙetarawa Ƙonni ta ƙasar Faransa da kaya, kuma mota da aka ɗauke aka wanke, ɓoye wani abu ake yi. In ban kawo shaidar wurin da ta faɗi ba kafin motar wasiƙu ta Alhamis, a rufe maganar. Ranar Lahadi ce.

Litinin da asuba na ɗauki tef na kama hanyar Kalmalo a ƙasa. Ruwa ya shafe sawun shanu. Tafkin Kalmalo ya cika ya shiga gonaki, har ba ka sanin inda ruwa ya ƙare inda sama ta fara. Bado ya buɗe fari fat, balbelu suna tsaye a kan inuwarsu, masunta suna yawo a kan gora shiru kamar ba su da nauyi. Gawo da ƙirya suna tsaye cikin ruwa, kowanne da ɗan'uwansa a kife a ƙarƙashinsa. Na yi ta tafiya ina tunanin mutanen Ikko da ke son in nuna musu iyaka a wurin da ƙasa kanta ba ta tsaya wuri ɗaya ba.

A garin aka karɓe ni da fura. Na tambayi mutum na farko inda mota ta faɗi. Ya ce, "Mota? Wace?" Na biyu ya ce shi ran nan yana Amarawa. Wata tsohuwa mai shanya kifi ta ce ita idonta ya mutu, alhali tana zare ƙaya da allura. An ce mini gonar wani dattijo Nomau ce ke bakin turba, na same shi yana gyaran darni.

"Baba, an ce nan jif ɗin Saje Isa ta kife."

"Wa ya ce?"

"Shanunka na cikin waɗanda suka ja ta."

"Shanuna na da yawon banza, ɗana. Ni ban bin su."

"Baba, taimakonsa nake son yi."

Ya dube ni, ya dubi littafin da ke hannuna, ya dubi shuɗin bakina. Ya ce, "Tun da anka haife ni ban ga Nasara ya aiko mai takarda don ya ba talaka wani abu ba. Bawan Allah ya karye, motatai ta lalace, kuma a kai shi gaban alƙali don wake? Ba a yi komi ba gonata. Sha hurarka ka tahi."

Nan na gane. Motar ta murƙushe masa wake, ya yafe. Su a ganinsu na zo ne in tara shaidar da za a ɗaure Saje, ko a ci shi tara. Gari guda ya haɗa baki don ya rufa masa asiri, kuma wannan rufin asirin shi ne zai raba shi da abin da ya mallaka duka. Na yi bayani sau uku, a jere, yadda na saba. Suna ta cewa, "Haka ne, Malam, gaskiyarka," ba wanda ya motsa. Na kwana biyu ina bin gefen gonaki da sanda ina caka ƙasa. Sun share wurin, sun tsince gilashi don kada ya yanki shanu, ruwa ya gama sauran.

Laraba na koma Illela na ce wa Saje babu wanda zai buɗe bakinsu sai shi. Maɗori ya ce in ya motsa ƙafar za ta kama a karkace. Saje ya ce, "Da ma karkatatta ce, soja sun riga ka." Aka ɗora shi a kan takarkari, ƙafar a miƙe bisa buhun ƙaiƙayi, ni ina riƙe da igiya. Duk inda san ya taka rami sai ya ambaci Allah, sannan ya ambaci kakannin san.

Da la'asar muka isa. Mutane suka taru a bakin gonar Nomau, ana ta yi wa Saje sannu. Ya ɗaga hannu ya ce, "Jama'a, kun yi mini abin da ɗan'uwa ka yi. Allah ya saka. Yanzu ina roƙon ku, don girman Allah, ku tona mini asiri."

Nomau ya ce, "Saje, zazzaɓi na a kanka."

"Baba, ba zazzaɓi. Wanga yaro ba ɗan sanda ba ne. In kun ce ba ta hwaɗi nan ba, ta hwaɗi ƙasar Faransa ke nan, ni ko na tashi ba mota ba raƙumi. Ka ce na ɓata maka wake. Ka hwaɗa da ƙarfi, a rubuta."

"In kai ƙararka da bakina?"

"Da bakinka, Baba. Shi ne sadakar da za ka yi mini."

Sai tsohon ya ɗauki kalme ya shiga gonar, muka bi shi. Can ƙarshenta, ƙarƙashin wata gangara, ya tsaya inda aka dasa sabon rogo a jere. Ya tuge uku. Ya sara sau biyar, sai ƙasa ta fito baƙa ƙirin tana warin man inji, da ɓarɓashin gilashi, da guntun katakon benci. Shi ya binne su da hannunsa, ya dasa rogo a kai.

Saura iyaka. Alamarta wani ƙarfe ne da Turawan Ingila da na Faransa suka kafa tun zamanin iyayenmu, kuma yana can arewa cikin ruwa, kansa kaɗai ya fito, wani tsuntsu na zaune a kai. Na naɗe wando. Wani masunci ya riƙe bakin tef a jikin ƙarfen, na ja zuwa kudu, na kafa kara, muka sake. Rana ta yi ja, ruwan ya yi ja, tef ɗin yana kwance a kansa kamar zaren saƙa. Jama'a na bakin gaɓa suna ƙirga tare da ni da ƙarfi. Sau tara na shimfiɗa shi, da ƙafa goma sha ɗaya, kafin na taɓa bakin ramin. Na zana taswira, na nuna arewa, na ɗebi ƙasar a ƙunshin ganye.

Wajen sa hannu Nomau ya ɓoye babban yatsansa cikin riga. Ya ce ba zai dangwala ba sai an rubuta cewa ya yafe waken. Na ce takardar ba ta da gurbin wannan. Ya ce to shi ma yatsansa ba shi da gurbin takarda. A duk shekarun aikina ban taɓa rubutu a wajen layi ba sai ran nan. A gefe, da ƙananan baƙaƙe, na sa: mai gona ya yafe. Ya sa aka karanta masa sau biyu, ya dangwala. Na kwana a hanya, na riski motar Alhamis direba na zuba ruwa a lagireto.

Sati biyar babu labari. Ƙafar Saje ta kama, a ɗan karkace kamar yadda aka faɗa. Ran da amsa ta zo na same shi a zaure yana gyaran wata tsohuwar fitila. Na zauna, na buɗe, na fara daga sama: sunan ofis, da unguwa, da lambar takarda.

"Tsallake, Malam Ƙarami."

"Takarda daga sama ake karanta ta." Na karanta kwanan wata. Na karanta lambar mota, da ta inji.

"Na san lambar motata! Ni na haife ta! Mi sunka ce?"

"Saje, in ka katse ni zan koma farko."

Ya cusa hularsa a baki. Na bi kayan da aka ƙara ɗaya bayan ɗaya, sifirin, tanki, keji, benci. Na karanta inda suka ce an saɓa sharaɗi na uku, na ga hular ta faɗo. Na karanta inda suka ce tunda ba da saninsa aka ɗauke motar ba, kuma an tabbatar da wurin, kamfani ya yarda a gyara ta duka, a kawo sandar taya daga Ikko, a jawo ta Sakkwato ranar da ya shirya.

Saje ya jawo sandarsa ya miƙe, ya ɗingisa zuwa ƙofar gida, ya ce a ɗage zana. Aka ɗage. A kan kujerar direba, daidai ƙarƙashin sitiyari, wata jar kaza ce kwance a kan ƙwai, ta kumbura tana hararmu.

Na ce zan aika a turo babbar mota gobe.

Saje ya dubi kazar. Mutumin da bai iya jiran layi huɗu na takarda ba ya sassauta murya ya ce, "A'a. Mayar da zanar a hankali. Ka rubuta musu direba na ciki, sai ta sauka."

Na rubuta cewa mai mota ya nemi jinkirin sati uku. A gurbin dalili na sa: ƙyanƙyasa.